Guzuri da Tsaraba a Ƙofar Karantina

A wannan karo za mu tattauna ne a kan wani al'amari da ya daɗe yana jawo guna-guni a garuruwanmu, daga ƙauyukan Jazira har zuwa Mai Wurno da Sinja da Damazin, wato maganar abinci da kayan da ake karɓe wa matafiya a filayen jiragen sama. Da wuya a je yi wa alhaji barka da dawowa, ko a zauna da wani ɗanmu da ke aiki a ƙasashen Larabawa, a tashi ba a ji labarin ƙullin sharmut ko kwalbar man shanu da aka jefa a kwandon shara a gaban mai su ba. Daga nan sai a shiga tsine wa ma'aikatan, wasu su ce wulaƙanci ne kawai, wasu su ce ai gida za su kai su ci.

Maganar ta ƙara nauyi tun daga watan Afrilu na 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke aka rufe filin jirgin Hartum, zirga-zirga ta koma Bur Sudan, iyalai da yawa kuma suka warwatsu zuwa Masar da Saudiyya da wasu ƙasashen da a da sunansu kawai muke ji a rediyo. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce Wad Madani ba, yau tana iya tsintar kanta a layin bincike a Jidda ko Alƙahira, da jakarta cike da kayan miya. Don haka ya kamata mu san abin da ake nema a cikin jakar nan da dalilin nemansa. Mu dai a ganinmu, in akwai waɗanda ya kamata su fi kowa goyon bayan wannan bincike, to mu ne manoma da makiyaya, domin irin gonarmu da irin garkenmu ake tsarewa da shi.

Da farko dai, kalmar karantina ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda wasunsu suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, da niyyar Makka suka fito. Wanda Allah ya ba ikon ƙarasawa, ta Sawakin yake bi, inda akwai karantinar alhazai, a yi masa lamba, a tsare shi na wasu kwanaki in ana tsoron annoba. A Jidda ma akwai unguwar da ake kira Karantina. Asalin kalmar daga Italiyanci ne, daga sunan arba'in a harshensu, saboda a zamanin da mutanen birnin Benis kan tsayar da jirgin ruwan da ya zo daga ƙasar da ake annoba har kwana arba'in kafin su bari a sauke mutane da kaya. Tun kafin su ma, tarihin Musulunci ya nuna mana yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba ta ɓarke a can.

Mu mutanen Jazira kuwa muna da tamu karantinar a cikin hawasha. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka shiga noman auduga gadan-gadan, dokar gandun ta tilasta wa kowane manomi ya tumɓuke itacen audugarsa bayan an gama tsinka, ya tara ya ƙone, ya share gona tsaf. Iyayenmu da yawa da wannan aiki suka ciyar da mu. An kafa dokar ne don kada cututtukan auduga da tsutsar da ke huda ƙwallonta su sami maɓoya har su kai ga shekara mai zuwa. Wanda ya ɓoye itacen don makamashi, maƙwabtansa ba za su gode masa ba, don sun san cuta ba ta san iyakar hawasha ba. To, aikin da mufattishin gona yake yi shi ne ma'aikacin filin jirgi yake yi, sai dai shi tasa gonar ƙasa ce baki ɗaya.

Bari mu duba abin da ake tsoro, kuma ba sai mun je nesa ba. A ƙarshen daminar 2007, bayan ruwa mai yawa da ambaliya, cutar nan da likitoci ke kira zazzaɓin Kwarin Rift, a Larabce hummal wadil mutasaddi', ta ɓarke a jihohin Farin Nilu da Sinnar da Jazira. Cuta ce da ke sa tumaki da awaki ɓari, mutum kuma yakan kamu ta cizon sauro ko ta taɓa jini da ɗanyen naman dabbar da ta kamu. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da mutum 700 sun kamu, fiye da 200 sun rasu, Jazira ce kuma ta fi jin jiki. Shekara bakwai kafin nan, wato a 2000, wannan cuta ta bayyana a yankin Jizan na Saudiyya da kuma ƙasar Yaman, karo na farko ke nan da aka gan ta a wajen nahiyar Afirka. Saudiyya ta rufe ƙofarta ga dabbobin ƙasashen wannan gefe na Afirka, ta kuma sake dakatar da na Sudan a 2007 da 2019. Duk mai rago na sayarwa ya san ma'anar wannan: in jiragen ruwa ba su ɗauki tumaki daga Sawakin ba, farashi kan faɗi har a kasuwar ƙauye.

Wani zai ce ai sharmut busasshe ne, wace cuta ce za ta rayu a cikinsa? Amsar ita ce, rana da gishiri ba sa kashe kowace ƙwayar cuta. Ta ciwon baki da kofato, alal misali, tana iya daɗewa a cikin busasshen nama da ƙashi da madara. A 2001 wannan ciwo ya shiga Ingila, aka bi sawunsa har zuwa wata gonar aladu inda ake ba su ragowar abincin da ba a dafa ba, kuma masu bincike sun fi zargin naman da aka shigo da shi ba bisa ƙa'ida ba. Kafin a shawo kansa sai da aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6. Ƙasar da ta ga irin wannan asara, ba abin mamaki ba ne in ta ƙi yarda da naman da likitan dabbobi bai sa wa hatimi ba.

Ta ɓangaren tsirrai ma ƙasarmu ta ɗanɗana kuɗarta. A shekarun 1980 manoman dabino na yankin Gulid, kusa da Dungula, suka fara ganin wasu ƙananan ƙwari koraye suna manne wa ganyen dabino, ganyen ya yi rawaya, 'ya'yan su motse ba su nuna ba. Masana sun danganta zuwan ƙwarin da dashen dabino da aka shigo da shi daga Saudiyya ba tare da bincike ba. Wanda ya kawo dashen, babu shakka alheri ya nufa, wataƙila ma albarkar ƙasa mai tsarki yake nema wa gonarsa, amma ga shi ƙwarin sun bazu a gonakin arewa ana ta fama da su shekara da shekaru. Haka kainuwar nan mai shuɗin fure da ake kira a'ashabun Nil, asalinta furen ado ce daga Kudancin Amurka, a ƙarshen shekarun 1950 ta bayyana a Farin Nilu ta toshe wa jiragen ruwa da masunta hanya. Ƙudan nan mai sa tsutsa a mangwaro da gwaiba daga Asiya ya fito, an fara ganinsa a Kenya a 2003, ba a daɗe ba ya iso lambunanmu. Tsutsar tumatir ta tashi daga Kudancin Amurka, ta sauka a Sifen a 2006, ta iso Sudan a 2010, a 2016 kuma ta yi wa manoman Kano da Kaduna ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Galibin irin waɗannan baƙi, a cikin kayan mutane suke tsallake teku.

In mun fahimci wannan, shirya jaka zai zo da sauƙi. Shawararmu ita ce, kafin a ɗaure kaya a shimfiɗa tabarma a kasa su kashi uku.

Kashi na farko shi ne duk abin da ya fito daga jikin dabba: sharmut, kilishi, agashe, man shanu, cukun Duwaim, mish, ƙwai. Wannan kashi a bar shi a gida. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigowa da nama ko kayan madara daga ƙasa irin tamu, komai ƙanƙantarsa, in ban da abin da ya shafi madarar jarirai ta gwangwani da abincin marasa lafiya, shi ma da iyaka. Sun dai yarda da kifi, har da busasshe irin kajek, zuwa kilo 20, da zuma zuwa kilo 2. Amurka ma haka take a kan nama, har dunƙulen miya mai naman kaza ko na sa ana karɓewa. Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya kuwa, a sharuɗɗan da take gindaya wa alhazai, ta daɗe tana hana shiga da abinci sai wanda ke cikin gwangwani ko mazubin da aka rufe shi da kyau, kuma ɗan kaɗan na bukatar mai shi. Wanda ya cika buhu da garin dawa kamar zai buɗe kanti a Makka, kansa ya jawo wa tsaiko.

Kashi na biyu shi ne duk abin da ke da rai ko zai iya tsira: ɗanyen mangwaro, lemun tsami, ɗanyen barkono, ganye, dashe, iri, da ƙasar da ke manne da saiwa. Tun daga 14 ga Disamba, 2019, Turai ba ta yarda a shiga da ɗanyun 'ya'yan itace ko kayan lambu ba sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar ƙasar da aka fito, in ban da iri biyar: abarba, ayaba, kwakwa, dabino, da wani ɗan itacen Asiya mai suna duriyan. Amurka kuma ta hana matafiya daga wasu ƙasashe, har da Sudan da Najeriya da Nijar da Saudiyya, shiga da shinkafa da waken suya da kabkabe a cikin jakarsu, saboda ƙwaron hatsin nan da ake kira kafra, wanda muka sani sarai a rumbunanmu, mai iya daɗewa a ɓoye ba ci ba sha. Wannan kashi ma a bar shi.

Kashi na uku shi ne wanda aka busar, aka daka ko aka gasa: weka, garin kuka, zoɓo, tsamiya, yaji, abre, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar gyaɗa, lalle. Galibi irin waɗannan suna wucewa, matuƙar suna da tsabta, ba ƙwari, ba ƙasa. Dakakkiyar kuɓewa ta fi mai 'ya'ya sauƙin wucewa, haka tsamiyar da aka cire wa ƙwallo, domin abin da aka daka ba ya tsira. A zuba kowanne a leda mai haske, a rubuta sunansa da Larabci, in da hali har da Turanci. Garin kuka ko na daddawa da aka ƙulle a tsumma aka cusa a cikin takalmi, ko mu aka ba aikin bincike za mu yi zargin wani abu. A kuma tuna cewa a yawancin filayen jirgi ba a shiga da ruwa ko abu mai danƙo a jakar hannu in ya wuce mililita 100, saboda haka tunkuza da zuma da humra sai a babbar jaka.

Ban da abinci, akwai kayan da ya kamata a yi hattara da su. Takalmin markub na fatar damisa ko ta mesa, jakar fatar kada, gashin jimina, da duk abin da aka sassaƙa da hauren giwa, suna ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kare namun daji, kuma tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe. Wanda aka kama da irin wannan ba tare da takarda ba, kaya sun tafi, wani lokaci har da gurfana a kotu. Itacen ɗalih da shaf da mata ke turare da shi, in yana da ɓawo ko ramin ƙwari, ƙasashe irin Ostareliya ba sa bari ya wuce. Magani kuma a bar shi a kwalinsa na asali tare da takardar likita, musamman mai kashe zafi irin taramadol, domin dokar Saudiyya a kan fataucin ƙwaya tana kaiwa har ga kisa. Goro, wanda a wurinmu abin girmama baƙo ne, a can haramtacce ne, hukumar alhazai ta Najeriya ma kusan kowace shekara sai ta gargaɗi mutanenta a kansa. A dawowa kuma, ruwan Zamzam da jiragen sama ke karɓa shi ne galan mai lita 5 da hukuma ta rufe, ba a yarda a cusa shi cikin akwati ba.

Yanzu sai maganar da ta fi mana wuya, wato saƙo. A al'adarmu, in mutum zai yi tafiya, gida kan cika da ƙulle-ƙulle, wannan na ɗana ne da ke Riyad, wancan na 'yata ce da ke Madina, kuma abin kunya ne a ce za a kwance ƙullin dattijuwa a gabanta. Amma doka ba ta san mai saƙo ba, mai jaka ta sani. A ƙarshen 2018 an tsare wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya saboda an sami taramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin bincike ya tabbatar da cewa wasu ne a filin jirgin Kano suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, aka sake ta a 2019. Wannan ke nan wadda ba ta karɓi saƙon kowa ba, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Saboda haka mai ba da saƙo ya kawo shi a buɗe, a ɗaure a gaban matafiyi. In kowa ya saba da haka, ba wanda zai ji an zarge shi. Wanda kuma ba mu sani ba ya tare mu a filin jirgi ya ce kilonsa ya yi yawa mu taimaka, mu ba shi haƙuri.

Da an sauka, abu ɗaya ne ke raba mutum da tara: ya faɗi abin da ya ɗauko. A Amurka da Ostareliya, wanda ya bayyana abincinsa aka ga haramtacce ne, karɓewa kawai za a yi ya wuce abinsa. Wanda ya ɓoye kuwa, ga na'ura mai gani har hanji, ga karnuka masu sansano abinci. A 2022 wani matafiyi da ya sauka a birnin Darwin na Ostareliya daga Bali ya biya tarar dalar ƙasar 2,664 a kan ɗan burodi mai nama da ƙwai da bai bayyana ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Akwai kuma tambayar da akan yi a waɗannan ƙasashe, ko mutum ya shiga gona ko ya kusanci dabbobi kafin tafiya. Yawancinmu amsarmu e ce, kuma ba laifi ba ne, iyaka a duba takalmi a wanke. Gara ma a wanke shi tun daga gida. Mu malaman makaranta da ake kawo wa takardu mu cika, wajibinmu ne mu karanta wa mutum kowace tambaya da Hausa, mu rubuta abin da ya faɗa, kada mu bi layi muna sa a'a don sauri.

Ba mu ce masu guna-guni ba su da hujja ko kaɗan ba. Dattijon da ya shekara saba'in yana cin tuwo da miyar kuka, cikinsa ba zai karɓi shinkafar otal cikin kwana biyu ba, abinci a Makka kuma yana da tsada ga talaka. Dokokin nan ana rubuta su ne da Larabci da Turanci, ba wanda ya damu ya fassara wa tsoffinmu. Ana kuma samun ma'aikaci mai tsawa da rashin ladabi, kamar yadda ake samu a kowace sana'a. Amma maganin wannan yana hannunmu. Limamai da shugabannin ayarin alhazai da ƙungiyoyin matasanmu su riƙa zama da maniyyata kafin tashi, a bi kaya ɗaya bayan ɗaya. A tambayi kamfanin jirgi ko ofishin aikin Hajji kafin kowace tafiya, domin dokokin kan canza in annoba ta ɓulla a wani wuri, kuma matambayi ba ya ɓata. In an karɓi kaya mai daraja, a nemi takardar shaida cikin ladabi.

Daga ƙarshe, abin da ya fi damunmu shi ne jakar da ke shigowa gida. Wad Madani ta fita daga hannun gwamnati a Disamban 2023, ba ta dawo ba sai a Janairun 2025, kuma a tsakanin nan manoma da yawa sun rasa irin da suka adana, har rumbun adana iri na ƙasa da ke hukumar binciken aikin gona a garin bai tsira daga wawaso ba. A irin wannan hali, ɗan'uwan da ke Masar ko Saudiyya ko Najeriya zai ga babu tsarabar da ta fi ƙullin irin tumatir ko masara ko ɗan dashen lemo. Niyyar kyakkyawa ce, amma irin wannan niyya ce ake jin ta kai ƙwarin dabino Gulid. Shigo da iri yana da ƙa'ida: izini daga hukumar kare tsirrai ta ƙasa, da takardar shaidar lafiya daga inda irin ya fito. Wanda ba zai iya bin wannan hanya ba, ya aiko da kuɗi a sayi ingantaccen iri a nan, ko a nema wurin maƙwabtan da nasu ya tsira. 'Yan'uwanmu na Shuɗin Nilu da ke kusa da iyakar Habasha, inda babu na'ura babu kare, su ne masu binciken kansu. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma gonakin da ke farfaɗowa daga yaƙi ba za su iya ɗaukar sabuwar annoba ba.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.